Murhu da Jarka: Inda Tsadar Makamashi da Ruwa Ke Sauka a Gidajenmu

Bayan taron Zumuntar Mata na gunduma da aka yi a majami'armu, ma'ajiya ta tsaya gaban dattawa tana karanta rahoton kuɗi. Da ta zo kan layin itace da gas da ruwa, sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Mama, ki sake duba wannan wurin, kamar akwai kuskure." Abin da ya ba shi mamaki shi ne kuɗin wuta da ruwa ya kusa kamo kuɗin shinkafar da aka dafa. Ita kuwa ba ta ko kalli takardar ba, ta ce, "Baba, babu kuskure. Shinkafa ba ta dafa kanta."

An yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Mu maza mun san farashin mudun masara da na litar fetur. Kaɗan ne cikinmu za su iya faɗin kwana nawa tukunyar gas ke yi a gidansu, ko jarka nawa ake sha a mako. Ga shi kuwa manyan matakan da gwamnati ta ɗauka a 'yan shekarun nan a kicin suke sauka. Don haka, 'yan'uwa, bari mu duba abin da ya faru, da abin da gida zai iya ragewa da kansa, da kuma abin da ya fi ƙarfin gida.

Yadda muka zo nan

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na rantsuwar kama aiki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, darajar kuwa ta faɗi ƙwarai. Mai karatu zai ce ai ba da fetur ake dafa tuwo ba. Gaskiya ne, amma motar da ke kawo itace daga daji mai take sha. Injin niƙa da na markaɗe mai suke sha. Janaretan da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, inda mai ruwa ke cika jarkokinsa, shi ma mai yake sha.

Kananzir, wanda iyayenmu mata suka dogara da shi shekara da shekaru, tun 2016 aka cire masa tallafi. Yau a gidaje da yawa risho yana ƙarƙashin gado ya yi tsatsa. Mutane suka koma gas domin an ce ya fi sauƙi, ya fi tsabta. Amma farashin gas ɗin girki yana bin dala da kasuwar duniya, ko da a gida aka samar da shi. Kamfanin NLNG da ke Bonny ya ce tun 2022 yake ba kasuwar cikin gida duk gas ɗin girkin da yake samarwa, gwamnati kuma ta sanar da dakatar da fitar da shi waje daga 1 ga Nuwamba 2024. Duk da haka, da ƙungiyar PENGASSAN ta yi yajin aiki a ƙarshen Satumban 2025, gas ya yi wuya a garuruwa da dama, farashinsa ya yi tsalle cikin mako guda. Mu na Arewa muna da ƙarin kaya a kai, domin daga bakin teku ake ɗauko gas ɗin a tanka, ana ƙona dizal har Jos ko Yola ko Maiduguri, mai saye kuma shi ke biyan kuɗin hanyar.

Wasu suna sa rai cewa bututun AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, zai warware wannan. Ya kamata mu san cewa abin da bututun zai ɗauko iskar gas ce ta masana'antu da tashoshin lantarki, ba irin wanda ake ɗurawa a tukunyar girki ba. Zai iya taimakon wuta da ayyukan yi, amma ba shi zai cika silindar uwargida kai tsaye ba.

Lantarki ma ya bi sahu. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka daidaita shi a ɗan sama da naira 200. A watan Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Wanda ya cika firij da miya da nama a lokacin ya san abin da ya zubar.

Mu yi ɗan lissafi. A ce ana sayar da kilon gas naira 1,200. Cika tukunya mai kilo 12.5 zai ci naira 15,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashin ya tafi kafin a sayi ko gishiri. Gwauruwar da ke soya ƙosai a bakin hanya da manomin da ba ya karɓar albashi ba su ma shiga wannan lissafin ba.

Komawa itace da abin da ke biyo baya

Idan gas ya gagara, gawayi da itace ake komawa. Ba yau aka fara ba. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 suna tuna murhun da aka laƙaba wa sunan Abacha, wanda ya yaɗu lokacin da kananzir ya yi wuya. Amma komawa itace yana da kuɗin da ba a biyansa a kasuwa.

Na farko shi ne lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a duniya a 2020, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya, shanyewar jiki da makamantansu. Wa ke shaƙar hayaƙin? Mace mai tuƙa tuwo da jaririn da ke goye a bayanta. Gawayi ba ya hayaƙi sosai, amma yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Lokacin hunturu, musamman a Filato da Mambila inda sanyi ke da ƙarfi, mutane kan shiga da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Haka ake kwana ba a tashi ba. Kada a yi wannan ko da na dare ɗaya ne.

Na biyu shi ne daji. A yadda ake ƙona gawayi a gargajiyance, ta hanyar tara itace a rufe da ƙasa, ana bukatar kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Fiye da rabin ƙarfin itacen yana tafiya a iska tun a daji. Masu ƙona gawayi kuma sun fi son itatuwa masu tauri irin su ƙirya da marke da kaɗanya. Kaɗanyar da ta ɗauki shekaru 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, wadda mata ke samun man kaɗe daga gare ta, takan zama buhunan gawayi cikin mako guda. Jihohi 11 ne aka ware a matsayin na bakin hamada cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Ana shuka a gefe guda, ana sarewa a ɗaya gefen.

Na uku shi ne tsaro. A farkon Maris 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da sace 'yan gudun hijira fiye da 200 a ƙaramar hukumar Ngala ta jihar Borno, yawancinsu mata da yara. Neman itace ne ya fitar da su daga sansani. A ƙauyuka da dama na Kudancin Kaduna, Filato, Zamfara da Kudancin Borno, shiga daji ya zama abin da sai an yi shawara. Murhun da ke cin rabin itace yana nufin rabin tafiye-tafiyen nan ne kawai 'yarka za ta yi.

Ina wutar take tafiya?

Murhun duwatsu uku da muka gada yana kai wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itace ga tukunya. Sauran yana bin iska. Wato cikin ɗaurin itace goma, takwas ko tara tsakar gida suke ɗumamawa. Ingantaccen murhu, wanda ke tsare wuta ya tura ta gindin tukunya, yakan ninka wannan sau biyu ko fiye. Gas yana kai rabi ko ɗan fiye. Butar lantarki ta fi su duka domin abin da ke ba da zafin yana cikin ruwan.

Akwai wata ƙa'ida guda da idan aka gane ta, rabin aikin ya ƙare. Ruwa ba ya wuce zafin tafasa, komai yawan wutar da aka zuga masa. A ƙasa mai kwari yana tafasa a digiri 100, a Jos kuwa, saboda tsayin wurin da ya kai wajen mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96, shi ya sa wake ke ɗan daɗewa a can. Da zarar tukunya ta tafaso, ƙarin wuta ba ya sa abinci nuna da sauri. Ruwan ne kawai yake mayarwa tururi. Zafin da ake bukata a ƙone lita ɗaya ta zama tururi kuwa ya ninka wanda ake bukata a kai ta ga tafasa sau bakwai. Duk tukunyar da ke ɓararraka babu murfi, kuɗi ne ke tashi sama.

Daga wannan ƙa'idar sauran dabarun suke fitowa. A rufe tukunya da murfin da ya zauna daidai. Idan ta tafaso a rage wuta, a janye itace ɗaya ko biyu a kashe su da ƙasa ko yashi domin gobe. A auna ruwan da girkin ke bukata, kada a cika tukunya saboda shayi kofi biyu. Harshen wuta ya tsaya a gindin tukunya, domin wanda ke lasar gefe asara ne. A kare murhu daga iska, ko da da tubali ne ko tsohon kwano. A gama yanka albasa da markaɗe da wanke shinkafa kafin a kunna wuta. Itace kuma ya zama busasshe, an faskara shi ƙanana, domin ɗanye yana kashe ƙarfinsa wajen busar da kansa, abin da ke kawo yawan hayaƙi ke nan. Wanda ke sayen itace ya saya da rani ya adana a inda ruwa ba ya taɓawa, kafin farashin damina.

Wake ne ya fi cin wuta a yawancin gidajenmu. Idan aka jiƙa shi tun dare, lokacin dafa shi yana raguwa sosai. Haka ma tsakin masara da busasshen kifi da ganda. Tukunyar matsi, wadda wasu ke kira fresha, tana riƙe tururi har zafin ciki ya kai wajen digiri 120, don haka abin da kan ɗauki awa biyu yana iya nuna cikin ƙasa da awa ɗaya. Tana da tsada a saye, amma gidan da ke dafa wake ko ƙafar saniya a kai a kai zai ga kuɗinsa ya dawo.

Akwai kuma girki ba wuta. Ana tafasa shinkafa na 'yan mintoci, ko wake na kamar minti 15 zuwa 20, sai a sauke tukunyar a rufe, a saka ta cikin kwando ko kwali da aka cusa wa tsofaffin barguna, auduga, busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ta kowane gefe, har da sama. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa aikin. Jakar Wonderbag da aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu a 2008 a kan wannan dabarar take, kuma duk telan da ke cikin ikilisiya zai iya ɗinka irinta. Abinci ba ya kamawa, ba ya ƙonewa, uwargida kuma tana iya zuwa gona ko sujada ta dawo ta tarar da shi da zafi. Sharaɗi ɗaya ne: a ci shi tun yana da zafi sosai. Idan ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a sake tafasa shi kafin a ci, domin a wannan yanayin ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa.

Ga masu gas, harshen wuta ya zama shuɗi. Idan ya koma ja ko rawaya yana baƙanta tukunya, ramukan kan murhun sun toshe, a wanke su. A riƙa shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗar tukunyar, in ya yi kumfa to akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. A rufe daga kan tukunyar bayan an gama, a kuma tsaya a ga sikeli lokacin da ake ɗurawa.

Game da gas da lantarki, wanne ya fi sauƙi? Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa yunit 13 na lantarki, wanda wajen 7 ne ke isa tukunya. A farashin naira 1,200, kowane yunit mai amfani ya kama wajen naira 170. Mai Band A da ke biyan sama da naira 200 a yunit zai ga gas ya fi masa, sai dai idan tukunyar matsi ta lantarki yake da ita, wadda ba ta cika cin yunit ɗaya a dafa wake ba. Wanda ke sauran rukunan kuwa wuta ta fi masa sauƙi idan an kawo ta. Kowa ya duba takardar mitarsa ya yi lissafin gidansa.

Ruwa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana ga mutum ɗaya a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishi sha da girki da ɗan tsabta. Gida mai mutum takwas yana bukatar lita 160 ke nan, wato jarka shida da ɗoriya mai lita 25, kowace rana. Muna da madatsun ruwa, irin su Lamingo a Jos, Gubi a Bauchi da Dadin Kowa a Gombe, amma sai da wuta ko dizal ake tace ruwan a tura shi gari, unguwanni da yawa kuma sun girma sun bar bututu a baya. Shi ya sa mai kurar ruwa ya zama hukumar ruwan talaka. Ranar da babu wuta ko mai ya tashi, jarka ma takan tashi.

A kicin akwai inda ruwa ke zuba a banza. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 30 a rana. A wata guda lita 900 ke nan, jarka 36, kura uku idan kowace na ɗaukar 12. Da yayyafi kogi kan cika. Sau da yawa 'yar robar da ke cikin kan famfon ce ta cinye, kuɗinta bai kai na jarka ɗaya ko biyu ba. Tankin da ake bari ya cika yana ambaliya shi ma asara biyu ce, ta ruwa da ta man da ya hau da shi.

Wanke-wanke a baho biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, ya fi wankewa a ƙarƙashin famfo tanadi nesa ba kusa ba. A fara kwashe ragowar abinci a ba kaji, a goge maiƙo, a fara da kofuna a ƙare da tukwane. Tukunyar tuwo a jiƙa ta da zarar an kwashe, ƙanzon zai saki da kansa. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ya je gindin zogale, gwanda ko yakuwa a bayan gida. Ruwan ɗauraya ya yi shara ko wanke bayi. Amma ruwan da ya taɓa ɗanyen nama ko kaza a zubar da shi inda yara ba sa wasa. Da damina, kowane rufin kwano rijiya ne. Ruwan sama na milimita 10 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 50 yana ba da kusan lita 500. A bar ruwan farko ya wanke ƙura, a tari na baya, a rufe mazubin saboda sauro.

A nan dole in ja kunne. Akwai tanadin da ke kai mutum asibiti. A 2021 cutar kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya bisa alƙaluman hukumar NCDC, fiye da 3,000 suka rasu, jihohin Arewa kuma su suka fi jin jiki. Ba a rage ruwan wanke hannu da sabulu kafin girki da bayan fitowa daga bayi. Ba a rage ruwan wanke ganyen da za a ci ɗanye. Ba a daina tafasa ruwan sha idan ba a amince da inda ya fito ba. Abin da za a rage shi ne tsawon tafasawar, domin idan ruwa ya tafasa sosai na minti ɗaya ya isa, ba sai an bar shi minti ashirin ba. A zuba shi a randa mai murfi da moɗa ɗaya mai tsabta. Randa kuma tana sanyaya ruwa ba tare da ta nemi NEPA ba.

Abin da ya fi ƙarfin uwargida

Ba zan so a karanta wannan rubutu a tafi gida a ce wa mata, kun ji, ku ne kuke ɓarna ba. Yawancin dabarun nan mata sun riga ni sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ba su da shi sau da yawa shi ne kuɗin da za a kashe sau ɗaya: ingantaccen murhu, tukunya mai murfin kirki, gyaran famfo, tankin tarar ruwa. Talauci yana da wannan mugun hali, yana sa mutum ya riƙa sayen gawayi a leda kullum a farashi mafi tsada domin ba shi da kuɗin buhu. Maigida da ke iya canja waya amma ya bar matarsa da murhun duwatsu uku a ɗaki mara taga, shi ne ya kamata ya sake lissafi. Yara maza ma su koyi ɗebo ruwa da wanke kwano. Wanda ya ɗauki jarka a kafaɗarsa ba ya barin famfo a buɗe.

Gwamnati ma tana da nata kason. A ƙarshen 2014 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 domin sayen murhu 750,000 da jakunkunan girki 18,000 ga matan karkara. Shirin ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce, ba a ga sauyin da aka yi alkawari ba. A 2024 aka amince da manufar ƙasa kan girki mai tsabta. A watan Mayun shekarar kuma, a taron da Hukumar Makamashi ta Duniya ta shirya a Paris, aka yi alkawarin dala biliyan 2.2 domin girki mai tsabta a Afirka. Ma'aunin duk wannan ɗaya ne: shin ya iso kicin ɗin mace a Kagoro ko Biliri ko Michika? Jihohi sun sha sanar da hana sare itatuwa da ƙona gawayi. Hanin yana da dalili, amma idan ba a ba mutane abin da za su yi girki da shi ba, farashi ne kawai zai hau, sana'ar kuma ta koma ta dare. Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona iskar gas a banza a wuraren haƙar mai. Muna da dalilin tambayar 'yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi game da wannan, da kuma rijiyoyin burtsatsen da aka buɗe da biki suka mutu cikin shekara guda.

Akwai misalai masu ƙarfafa zuciya. Murhun Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yi shekaru tana yaɗawa, an tsara shi ne ya rage cin itace har kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da murhun duwatsu uku. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoma kan barin kututturen itatuwa su sake tohowa a gona, ana rage rassan ana barin masu ƙarfi. Dabarar ta yaɗu daga manomi zuwa manomi har ta rufe hekta wajen miliyan 5. Rassan da ake ragewa su ne itacen girki, matan kuma ba sa tafiya nesa. Ba a kawo wani iri daga waje ba, ba a jira kwangila ba.

Kicin ɗin majami'a

Mu koma inda muka fara. Ikilisiya tana cikin manyan masu girki a kowane gari: taron mata, taron matasa, bikin aure, jana'iza, Kirsimeti, makarantun kwana da na koyon Littafi. Yawancin wannan girki a fili ake yinsa, manyan tukwane a kan duwatsu, iska na kaɗa wutar. Ga abubuwa huɗu da kwamitin kowace majami'a zai iya sa wa a ajandar zamansa na gaba.

Ɗaya, a gina murhu na dindindin da tubali da laka, wanda tukunya ke nutsewa cikinsa, mai bututun fitar da hayaƙi, a kuma rubuta itacen da taro ɗaya ya ci kafin da bayan ginin domin kowa ya ga bambancin da idonsa. Biyu, Zumuntar Mata ta buɗe adashen murhu, kowane wata mace ɗaya ko biyu su karɓi ingantaccen murhu ko tukunyar matsi, a fara da gwauraye da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Uku, a sa kwararo a rufin majami'a, wanda sau da yawa shi ne rufi mafi faɗi a unguwa, a tara ruwan a tanki. Inda akwai rijiyar burtsatse a yi tunanin mayar da ita kan sola, a ware ɗan kuɗin gyara kowane wata, a bar maƙwabta su ɗiba ba tare da an tambayi addinin kowa ba. Huɗu, filin majami'a da gonar pasto su zama wurin gwaji: a bar kututture su toho, a shuka itatuwa masu saurin girma a kan iyaka, matasa su ɗauki nauyin ban ruwa.

Dattijon nan da ya ɗaga hannu, shi ne daga baya ya kawo shawarar a gina murhun, ya kuma ba da tubalin farko. Kafin taro na gaba, ina roƙon kowane maigida da ya karanta wannan ya yi abu ɗaya: ya zauna da matarsa, su rubuta abin da gidan ke kashewa a wuta da ruwa cikin mako guda, su zaɓi gyara ɗaya da za su fara da shi a wannan watan.